Yadda ake haɗa ƙaramar roka mai gaɓa biyu da harba ta a Legas

Roka mai gaɓa biyu roka biyu ce a jiki ɗaya. Gaɓar ƙasa ta ɗauko ta sama ta ba ta gudu, albarushinta na ƙarewa ta kunna wa ta saman wuta, ta saki ta faɗo, ita kuwa ta saman ta ci gaba da tafiya ba tare da jan nauyin banza ba. Kunnawar da rabuwar suna faruwa ne cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a wani wuri mai tsawon milimita 12 inda injuna biyu suka haɗa baki. Mafi yawan abin da ke lalata irin wannan roka daga wurin nan yake fitowa, saura kuma daga iska. Wanda bai taɓa haɗa mai gaɓa ɗaya ya harba ta ta dawo lafiya sau da dama ba, ya dakata tukuna, don a nan kowane ƙaramin kuskure ninkuwa yake yi.

Injin da lambobinsa

Injin da ake magana a kai na kamfani ne, irin na Estes, kamfanin da Vernon Estes ya kafa a Amurka a 1958. Bututun takarda ne mai kauri, faɗinsa milimita 18, tsawonsa 70. Daga ƙasa akwai nozul na yumɓu, wato ɗan ramin da wuta ke fita ta cikinsa, sai dunƙulen albarushi da aka matse, sai hodar jinkiri mai ci a hankali tana fitar da hayaƙi, sai ɗan albarushin da ke tunkuɗo hular roka, wato murfinta na gaba mai tsini, da lemar da ke sauko da ita, sannan murfin yumɓu. A jikinsa za ka ga rubutu kamar B6-4. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin turi, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: a ma'aunin da ake kira niyuton-daƙiƙa, A ya tsaya a 2.5, B a 5, C a 10, D a 20. Lambar tsakiya matsakaicin ƙarfin turin ne da niyuton. Ta ƙarshe kuwa daƙiƙoƙin da injin zai jira bayan albarushi ya ƙare kafin ya tunkuɗo lema.

Injin gaɓar ƙasa shi ne mai sifili a ƙarshe: B6-0, C6-0, ko D12-0 a manyan rokoki. Ba shi da hodar jinkiri, ba shi da murfi. In ka leƙa bakinsa na sama, baƙin albarushin za ka gani tsirara. Wuta na cin dunƙulen daga ƙasa har bangon da ya rage ya yi siriri, sai matsin da ke ciki ya fasa shi, zazzafan gas da garwashi su yi sama su shiga nozul ɗin injin da ke bisa. Babu waya, babu batir, wannan fashewar kaɗai ce ke kunna gaɓar sama. Shi ya sa dabarar ba ta aiki sai da injunan albarushi. Injunan zamani masu makamashi mai kama da roba ba sa kamawa ta haka, sai an sa musu na'urar lantarki, kuma wannan wani karatun ne dabam.

Na gaɓar sama kuma mai dogon jinkiri ake sa wa: A8-5, B6-6, C6-7. Dalili shi ne gudun da ta gada daga ta ƙasa ya haɗu da nata, za ta daɗe tana hawa bayan wuta ta mutu. In jinkirin ya yi gajere, lema ta buɗe roka na cikin tsananin gudu, igiya ta tsinke ko ta tsaga bakin bututu. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne sa inji mai jinkiri a gaɓar ƙasa. Rokar za ta hau, ta tsaya, ta juyo da kai ƙasa, sannan tunkuɗar ta zo ta kunna injin sama yana kallon mutane. Kafin ka naɗa komai, karanta lambar kowane inji da babbar murya, abokin aikinka ya maimaita.

Samun injin shi ne babban aiki a Najeriya. Kaya ne da ke ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964, kuma shigo da irinsa daga waje yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa shi a jakar fasinja, don haka kada ka roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga Turai ya cusa maka a akwati, jefa shi cikin bala'i za ka yi. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi abin a ƙungiyance, ƙarƙashin makaranta ko sashen injiniya na wata jami'a, su nema da sunansu da takardunsu. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da cibiyar binciken tura roka a Epe, nan cikin jihar Legas, kuma wuri ne da ya dace ƙungiya ta rubuta wa ta nemi jagora. Abin da ba a yi ko kusa shi ne haɗa inji a gida, ko kwance nokawut ɗin Kirsimeti a ɗebi hodarsa. Ƙa'idar NAR, ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki wadda aka kafa a Amurka a 1957 kuma masu wannan wasa a ƙasashe da yawa ke bin ta, ta hana ko da gyara injin kamfani, balle ƙirƙirar naka. Yatsu da idanu ake rasawa a nan.

In injunan sun zo hannu, a Legas abokan gabarsu biyu ne: danshi da zafi. A sa su a gwangwani ko roba mai rufuwa ruf, da 'yan ƙunshin hodar tsotse danshi irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi, a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da janareta da jarkar fetur. Kada a bar su a but ɗin mota cikin cunkoson Legas rana na dukansu. Zafi da sanyi in suna ta sauyawa a kan inji, dunƙulen albarushin yakan rabu da bangon takardar ko ya tsage, wuta ta bi tsagar, injin ya tarwatse a kan sanda maimakon ya tashi. Injin da ya faɗi a kan siminti ma haka, a ware shi.

Kayan haɗi da awo

Awon da ke tafe na roka ce mai faɗin milimita 25, wadda duk nauyinta da injuna bai kai giram 90 ba. Iyakar abin da B6-0 da C6-0 ke iya ɗagawa lafiya giram 113 ne, don haka sikelin kicin mai auna giram yana cikin kayan aiki.

Ana buƙatar bututun takarda mai lamba BT-50 guda biyu, na sama milimita 350, na ƙasa 82. Sai bututun inji BT-20 guda biyu, kowanne 70. Zoben tsakaita bututu huɗu, zoben tare inji biyu masu kaurin milimita 6, mahaɗi ɗaya mai tsawon 25 wanda ke shiga cikin BT-50, hula mai tsawon kusan 100 ta roba ko balsa, da allon balsa mai kaurin milimita 2.5. Balsa katako ne mara nauyi, akan same shi a shagunan da ke sayar wa ɗaliban zanen gine-gine kaya a wajen Yaba. Wanda bai samu bututun kamfani ba zai iya naɗa nasa: takarda mai ƙarfi ta buhun siminti ko ambulan, a shafa farin gam irin Top Bond, a naɗa ninki uku zuwa huɗu a kan bututun roba da aka lulluɓe da leda, a bar shi kwana biyu. Ƙarfe ba ya shiga jikin roka, ko a hula ko a fiffike.

Fara da gidan injin sama. Manna zoben tare inji a cikin bakin gaba na BT-20, daidai da baki, ta yadda in inji ya shiga zai leƙo ta baya da milimita 6. Zoben tsakaitawa na gaba ya zauna kusa da bakin gaba, amma na baya sai an matsa da shi ciki aƙalla milimita 14 daga ƙarshen bututu, don nan ne mahaɗi zai shigo. Masu sabon hannu sukan manta da wannan, sai an gama fenti su tarar gaɓoɓin sun ƙi haɗuwa. Cusa gidan injin cikin dogon bututun har ƙarshensu ya yi daidai, kuma a tura shi lokaci ɗaya ba tsayawa, don farin gam yana kama takarda nan take ya maƙale a rabin hanya. Ƙugiyar ƙarfe da aka saba sa wa mai gaɓa ɗaya ba ta da wuri a nan, za ta tokare injin ƙasa.

Gidan injin ƙasa akasin wancan ne, zoben tarewar a baya yake, wajen nozul, injin kuma ta gaba ake sa shi ya leƙo da milimita 6. Wannan zoben shi ne sirrin rabuwa. Lokacin da injin sama ya kama, matsinsa yana tura kwankon injin ƙasa baya, kwankon ya daki zoben, ya tafi da gaɓar gaba ɗaya. In babu zoben, kwankon kaɗai ke ficewa, bututu da fukafukansa su tsaya manne, injin sama ya yi ta hura wuta a cikinsu har su ƙone, ƙarfin turinsa kuma ya lalace a cikin ramin. Gidan injin ya yi daidai da ƙarshen bayan bututun mai tsawon 82, sannan a manna rabin mahaɗi a bakin gaba, milimita 12 su rage a waje. Tsakanin bututun inji na sama da na ƙasa yanzu akwai fili na milimita 12, nan ne tef ɗin haɗi zai zauna.

Mahaɗin yana son haƙuri. Ya shiga gaɓar sama ba tare da girgiɗi ba, amma in ka ja da yatsu biyu ya fito sumul. A goge shi da samfefa mai laushi, a shafa masa ɗan sufa gulu a bar shi ya bushe a sake gogewa. Wannan shafin yana da muhimmanci a Legas, don takarda tsirara tana shan danshi ta kumbura, mahaɗin da ya yi daidai a watan Janairu sai ya cije a watan Yuni. Fenti kada ya taɓa shi.

Fukafukai uku-uku. Na sama: gindi milimita 45, baki 20, tsawo daga jiki 32. Na ƙasa: gindi 60, baki 30, tsawo 45. A yanka su yadda jijiyar katakon za ta bi gefen gaba na fiffiken. In ta bi jikin roka, fiffiken zai ɓalle a saukar farko. Don ja layi miƙaƙƙe a kan bututu, ɗora shi a kwanar firam ɗin ƙofa ka bi da fensir. Shafa gam siriri a gindin fiffike da kan layin, bar shi ya ɗan sha iska, ƙara wani, sannan ka manna. Bayan ya bushe ka bi kowace kwana da gam ka share da yatsa. Da damina a ba kowane zagaye yini guda. 'Yar bututun da sandar harbi ke bi a manna ta a gaɓar sama tsakanin fukafukai biyu, a tabbatar in an haɗa gaɓoɓin babu fiffiken ƙasa da ya tare hanyar sandar. Igiyar da ke riƙe hula lastik ɗin tela mai faɗin milimita 3 ya isa, tsawonsa ya ninka jikin roka biyu. Fenti na fesawa, siriri sau biyu, da rana tsaka lokacin da iska ta bushe, in ba haka ba ya yi fari-fari. Zaɓi ja ko ruwan lemo mai haske. Roka fara ko shuɗiya ɓacewa take yi a sararin Legas.

Daidaito sau uku

Roka tana tafiya miƙe ne in cibiyar nauyinta tana gaban cibiyar matsin iska da tazarar faɗin jikinta ɗaya zuwa biyu, wato milimita 25 zuwa 50 a wannan awon. Cibiyar nauyi ita ce inda roka ke tsayawa a kan yatsa ba ta rinjaya ba, da injuna da komai a ciki. Cibiyar matsin iska lissafi ake yi, da ƙa'idojin da wani injiniya Ba'amurke, James Barrowman, ya fitar a 1966, kuma manhajar OpenRocket, wadda kyauta ce, tana yi maka shi in ka shigar da awo da nauyin kowane ɓangare. Auna nauyin na gaske a sikeli ka shigar, kada ka dogara da ƙiyasin manhajar, musamman in bututunka naɗin hannu ne.

Ana duba abu uku. Na farko rokar a haɗe, inda nauyin injuna biyu ke janyo cibiyar nauyi baya, shi ya sa fukafukan ƙasa suka fi girma. Na biyu gaɓar sama ita kaɗai da cikakken injinta, don daga rabuwa ita ce roka. Na uku gaɓar ƙasa ita kaɗai da kwankon da ya ƙone, ita kuma so ake ta kasa daidaita, ta riƙa wuntsilawa tana faɗowa a hankali. Jefa ta sama da ƙarfi a kan ciyawa ka gani. In ta miƙe ta soko ƙasa da baki, sai an rage bayan fukafukan ko an matsa da su gaba. Gwajin igiya yana tabbatar da na farko da na biyu: ɗaura igiya mai mita biyu a cibiyar nauyi, ka riƙe ta da tef, ka wulwula rokar bisa kanka. In hula ta shige gaba ta zauna, lafiya. In tana juyi, ƙara yumɓun wasan yara giram 3 zuwa 5 a cikin hula ka sake. Ba a yin wannan gwaji da inji mai rai a cikin unguwa. Tsohon kwanko da aka cika da yumɓu har ya kai nauyin sabo ya wadatar.

Mutane sun fi tsoron ƙarancin daidaito, amma a mai gaɓa biyu yawansa ne ya fi cin roka. In tazarar ta haura faɗin jiki uku, rokar da ta bar sanda a hankali da manyan fukafukai sai ta juya kai ta fuskanci iska, kamar yadda kibiyar nuna alƙiblar iska ke yi a kan rufin gini. Mai gaɓa ɗaya in ta karkata haka ba ta nisa. Mai gaɓa biyu kuwa injin sama yana kamawa ne a duk inda hular ke kallo, in ta kwanta to a kwance za ta tafi da cikakken ƙarfi.

Shiri a fili

Leƙa nozul ɗin injin sama da tocila. Dole ka hango baƙin albarushi a ƙarshen ramin. In ɓurɓushin yumɓu ya rufe shi, juya shi ƙasa ka ɗan buga da yatsa ya zube. In ya ƙi, ajiye shi don roka mai gaɓa ɗaya. Ba a sa makunni, wato 'yar wayar da ke kunna inji da lantarki, ko toshiya a wannan nozul. Ɗora shi a kan buɗaɗɗen bakin injin mai sifili, nozul na kallon albarushi, ka naɗe mahaɗarsu da selotef mai faɗin milimita 12, zagaye ɗaya tak, ƙarshensa ya ɗan hau farkonsa. Aikin selotef ɗin shi ne ya riƙe injunan na ɗan lokacin da wuta ke buƙata ta kama, sannan ya narke ya tsinke. Ba tef, matsin ya raba su kafin ta kama. Zagaye uku, ko tef mai kauri na masu wayar lantarki, su ƙi rabuwa.

Tef ɗin masu fenti kuma aikinsa dabam. Naɗa shi a jikin injin sama har ya shiga gidansa da ƙarfi, yadda sai da filaya za a ciro shi, don in ya yi sako-sako tunkuɗar ƙarshe za ta fitar da injin ne ta baya maimakon ta cire hula. Naɗa wani a jikin injin ƙasa, ya kama amma bai kai na sama tsauri ba, sannan ka zura gaɓar ƙasa a kansa har zobe ya taɓa nozul, mahaɗi ya shige, fukafukai su yi layi.

Ta sama kuma a fara cusa takardar kare wuta gutsure uku ko huɗu, sako-sako. Wanda ba shi da ta kamfani ya jiƙa takardar bayan gida a ruwan da aka narkar da hodar sodar girki (bakin soda) sosai, ya shanya, ya gwada da ashana. In ta ci da harshen wuta, ba ta yi ba. Auduga da takarda tsirara suna saukowa da wuta a kan busasshiyar ciyawa. Maimakon lema, sa zirin leda mai ƙyalli, faɗi santimita 7, tsawo 70. Lissafin a fili yake: C6-0 da C6-7 suna iya kai irin wannan roka sama da mita 450, lema tana saukowa da kamar mita 4 a daƙiƙa, kusan minti biyu ke nan a sama, iska mai gudun kilomita 15 a awa kuwa za ta kai ta kusan rabin kilomita. A Legas rabin kilomita rufin wani ne, ko fadama, ko lagun. Don haka tashin farko B6-0 da A8-5 ne, wanda rabuwarsa ke faruwa ƙasa-ƙasa inda ido ke gani. Makunni shi ne na ƙarshe, a nozul ɗin ƙasa, kansa ya taɓa albarushi, a toshe shi da 'yar toshiyarsa.

Fili da iska

Girman fili da jimillar injunan biyu ake auna shi. B da A sun kai matakin C, ƙa'idar NAR ta ce fili kada ya gaza mita 120 ta kowane gefe. C biyu sun kai matakin D, mita 150. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma ga mai gaɓa biyu ninka shi ya fi. Filin ƙwallon makaranta a Idi-Araba ko Obalende bai isa ba. Agege da Ikeja da Mafoluku kuwa a cire su daga lissafi kwata-kwata, suna ƙarƙashin hanyar jiragen filin Murtala Muhammed, kuma sararin sama yana hannun hukumomin kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA da NAMA, waɗanda ƙungiya za ta rubuta wa kafin ta sa rana. Filayen da suka rage suna can wajen Epe, Badagry da bayan Ikorodu. Ko a can a nisanci manyan wayoyin lantarki, hanyar bututun mai, barikin soja, da yankin matatar mai ta Ibeju-Lekki. Fili a Legas ba ya rasa mai shi ko da daji ne, don haka a gaida baale, wato mai unguwa a ƙasar Yarbawa, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce, a riƙe kwafin takardun a hannu. Kalmar roka kaɗai tana tayar da hankali, kuma a watan Disamba 'yan sanda kan tsaurara a kan duk wani abin wasan wuta.

Lokaci mafi kyau shi ne safiya, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, kafin iskar teku ta taso. Bakin teku yana da fili amma iskarsa ba ta kwanciya. Ƙa'ida ta hana harbi in iska ta wuce kilomita 32 a awa, sai dai wannan iyakar ta yi wa mai gaɓa biyu yawa. In ta kai 15, a naɗe kaya. Nuwamba da Fabrairu sun fi daɗi. Hazon hunturu yana haɗiye gaɓar sama, ciyawa kuma a bushe take, sai a share da'ira mai faɗin mita uku a kewayen sanda, a ajiye bokitin ruwa da na yashi. Ba a harbawa cikin gajimare ko in ana jin ƙarar jirgi.

Sandar harbi ƙarfe ce miƙaƙƙiya mai kaurin milimita 3, tsawonta mita ɗaya ko fiye, da farantin ƙarfe a gindinta. Tsatsa tana kama ta da wuri a iskar gishiri, a goge ta da samfefa kafin kowane fita. A tsayar da ita cak. Dabarar karkata sanda wajen iska, wadda ke taimakon mai gaɓa ɗaya, a nan ƙara kwantar da roka take yi. Kunnawa da lantarki ne kawai: batir ɗin babur mai bolt 12, waya mai tsawon mita 10, makulli da ake cirewa, da maɓallin da ke komawa da kansa. Kowa ya koma aƙalla mita 5 baya, iska na bugun bayansa. A raba masu kallo gida biyu tun kafin ƙirge, wasu su bi gaɓar ƙasa wasu ta sama, in ba haka ba kowa sama zai bi a rasa ta ƙasa a cikin ciyawa. A ƙirga daga biyar da ƙarfi. In an danna ba ta tashi ba, cire makulli, a jira daƙiƙa 60 cur kafin wani ya matsa.

Abin da kwanko ke faɗa

In gaɓar sama ba ta kama ba, rokar takan dawo da hularta a rufe ta soki ƙasa, shi ya sa ba a harbawa sai kowa yana tsaye yana kallo. Ɗauko ta bayan minti ɗaya ka duba nozul. In da baƙin hayaƙi a bakinsa amma selotef ya yage tsaf, rabuwar ce ta yi sauri: tef ɗin ya tsufa ko danshi ya hana shi kamawa. In selotef na nan daram kuma nozul a toshe, laifin dubawa ne. Gaɓar ƙasa da ta dawo da cikinta a ƙone tana nuna mahaɗi ya cije ko tef ya yi yawa. Wadda ta zame tun ana hawa, ta bar injinta manne da na sama, tef ɗin jikin injin ne bai kama ba. Fiffiken sama da ya ɓalle daidai lokacin rabuwa kuwa jijiyar katako ce aka yanka ba daidai ba, ko kwanar ba ta sha gam ba, don a nan ne gudu ya fi tsanani.

Wanda ya ƙware a wannan zai so ya tsawaita gaɓar ƙasa, injunan su yi nesa da juna ba tef. Ana yi, har tazarar santimita 25, kuma G. Harry Stine, ɗaya daga magabatan wannan wasa a Amurka, ne ya bayyana abin da ke sa ta ci ko ta ƙi: sanyayyar iskar da ke cikin bututun ce ke riga wuta isowa ta ture gaɓar. Maganinta ramuka biyu ko uku masu faɗin milimita 5 zuwa 6 a jikin gaɓar ƙasa, dab da nozul ɗin sama, su huce ta bututun ciki har waje. Sai dai doguwar gaɓa ba ta wuntsilawa, sokowa take yi, don haka sai an nema mata nata zirin ledar da inda zai ɓuya wuta ba ta lashe shi ba.